Alwanka a Cikin Albam

Ajarori suna da yawa a Zongon Kumasi, amma idan aka ce Ajara Alwanka, ko baƙon da ya sauka yau a tashar Kejetia za a iya kwatanta masa gidanta. Ita ce mai wankan amare. Daga Aboabo har Dichemso da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka sami matar da ta taɓa zama a gabanta daga ita sai ɗan zane ba. Wasu ta wanke su, ta dawo ta wanke 'ya'yansu, tana kuma jiran jikoki in rai ya kai.

Ga wanda bai sani ba, wankan nan ba na datti ba ne. Ranar da za a yi shi ana shiga ɗaki da amarya, daga alwanka sai tsofaffin dangi, a ja ƙofa. Namiji ko tari ba ya yi a kusa. Ajara za ta zaunar da yarinya a kan turmi, ta kwaɓa lalle a ƙwarya, ta ɗauki soso da sabulun salo ta hau cuɗa, tana cuɗa tana waƙa. A cikin waƙar take saka sunan amarya da na uwarta da na mijin da za a kai ta wurinsa. Kuma dole amarya ta yi kuka. Ko da ita ta zaɓo saurayin da kanta, ko da ta ƙagu ranar ta zo, in ta fito ido a bushe sai an yi da ita a gari cewa ta gaji da uwarta. Waƙar Ajara ce ke ciro kukan nan, ba a taɓa jin ta gaza ba.

Waƙar gado ce. A bakin kakarta Uwa ta ɗauke ta, tsohuwar da ta biyo fataken goro daga arewa ta zauna Kumasi har ta mutu ba ta yarda ta koyi Tuwi, yaren mutanen garin, ba. Tare da waƙar Uwa ta ba ta abin da ya fi waƙar tsada, ta ce alwanka tana ganin abin da ango ma bai gani ba tukuna, don haka abin da ido ya gani a ɗakin wanka a ɗakin yake kwana. Ajara kuwa ta ga abubuwa. Ta ga tabon ƙuna da aka ɓoye wa dangin miji, ta ga cikin da ya riga ɗaurin aure zuwa, ta ga amaryar da ta riƙe mata hannu tana rawar jiki don wani dalilin da har yau su biyu kaɗai suka sani. Mijinta Gariba, direban babbar mota, mutum mai son labari kamar me, ya mutu bai ji ko ɗaya ba.

Kada a ce saliha nake kwatantawa. Ajara mafaɗaciya ce. Tana kushe tuwon gidan biki a gaban wadda ta tuƙa shi, tana kora ƙawayen amarya kamar kaji, kuma ba ta taɓa zuwa a lokacin da ta ce ba. Mata suna haƙuri da duk wannan saboda zurfin cikinta. Da shi take ci, da shi take shiga gidan da ko surukai sai sun yi sallama sau biyu.

Allah bai bar mata ɗa ba, sai ta riƙe Sadick, ɗan ƙanwarta da ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Da ya tasa ta kai shi Suame koyon gyaran mota. Shi kuwa maimakon ya kwance ƙusa sai ya riƙa buga sifana a jikin motocin mutane yana zuba waƙar nan ta zamani da ake kira rap, wadda mutum zai yi ta magana ba numfashi kamar mai faɗa da kwandasta. A nan sunan Sifana ya bi shi. Albam ɗinsa na farko, Ɗan Lungu, Zongo ta rungume shi hannu biyu. Ya ambaci kowane lungu, ya ambaci mai koko da mai tsire da kwatar da ke cika duk damina, har malamai suka kau da kai kamar ba su ji ba. Ajara takan ce ita ba ta gane wannan hayaniya, amma a rumfarta ta kasuwa, inda take sayar da lalle da turare ranakun da babu biki, ba wanda zai sayi ƙullin lalle bai ji cewa ita ta yi wa Sifana goyo ba.

Daga nan ya koma Ankara, babban birnin Gana, aka daɗe shiru, har 'yan baƙin ciki suka fara cewa ruwansa ya ƙare. Sai ga albam na biyu ya fito wata Juma'a, sunansa Ruwan Lalle.

Washegari da hantsi Ajara tana jera kwalaben turare, sai mai sayar da caja da ke kusa da ita ya kunna sifikarsa. Abin da ta fara ji ƙarar ruwa ne yana zuba a daro. Sai wata murya ta tsohuwa ta ɗauka, mai ɗan kaushi, tana jan ƙarshen magana:

Sunkuya, ɗiyar Safiyatu, ruwa ya iso,
Rashidatu ta Rafi'u, sunkuya,
yau kin zama baƙuwa a ɗakin uwarki.

Bayan muryar ana jin yarinya tana shessheƙa. Ajara ta tsaya da kwalba a hannu, don mutum ba ya gane muryarsa nan take in ta fito daga bakin sifika. Kafin ta gama ganewa ganga ta faɗo, Sadick ya shigo yana zuba baiti a kan macen da ta yi kuka ranar aure, ta share hawaye, ta tsallake talaka ta koma gidan mai shanu. Mai caja ya leƙo yana washe baki, ya nuna mata fuskar wayarsa. A ƙarƙashin sunan waƙar an rubuta cewa tare da Mma Ajara Alwanka aka yi ta.

Yadda abin ya faru ba wani asiri ba ne. Lokacin auren Rashidatu da Rafi'u, yayar amarya tana Italiya ba ta sami zuwa ba, sai uwarsu Hajiya Safiyatu ta roƙi Ajara a bari a naɗi waƙar a waya a tura mata, murya kawai. Ajara ta ƙi, aka lallashe ta, ta yarda. Da ta ji yadda muryarta ta fito sai abin ya burge ta, ta ce a tura mata ita ma. Ta ajiye a wayarta ta manta. Wani zuwa da Sadick ya yi gida ta miƙa masa wayar ta ce ta cika, ya rage mata tarkace. Ya rage, ya kuma kwashi abin da ya yi masa.

Da a ce auren yana nan, da abin ya tsaya a rashin kunya. To auren ya daɗe da mutuwa. Rafi'u ya tafi ci-rani ta hamada, ya yi shiru har aka fara yi masa addu'a, daga baya ya aiko da saki ta waya. Rashidatu ta yi zamanta a gida tana ɗinki har Allah ya kawo Alhaji Mahama, dillalin shanu, ya aure ta, ga ta da goyo. Sadick ya rantse daga baya cewa bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba, maganar mai shanu don baiti ya daidaita ya sa ta. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma a Zongo ba wanda ya ji waƙar ya tsaya tambayar wa ake nufi.

A Ankara kuwa sai yabo. Gidajen rediyo suka ce Sifana ya girma, ya koma tushe, ya tono al'adar da ta kusa ɓacewa, kamar wani ya gaya musu ta ɓace. Wani mai sharhi da bai taɓa taka Zongo ba ya kira kukan yarinyar abu mafi daɗi da ya ji a shekarar. 'Yan mata suka ɗauka a TikTok, kowace ta ɗaura tawul ta zauna a kan bokiti tana kukan ƙarya. Masu keken haya da direbobin bas-bas na tirotiro ba su da wata waƙa sai ita. Tun safe har yamma sunan Rashidatu yana yawo a titi manne da na mijin da ya sake ta. A kasuwar shanu abokan Alhaji Mahama ba sa cewa komai, sai dai in ya doso wani ya fara fiton waƙar da bakinsa a hankali. Rashidatu ta daina fita ko awon jariri.

Zongo ta juya wa albam ɗin baya gaba ɗaya, har waƙoƙin da ba su yi wa kowa laifi ba. Dattawa suka ce dama abin da ake gudu ke nan. Wani liman ya yi huɗuba a kan masu fito da muryar matan aure kasuwa, bai kama suna ba, bai kuma buƙaci kamawa ba. Samarin da suka yi ta tsalle da Ɗan Lungu suka ce Sifana ya sayar da unguwa don 'yan Ankara su tafa masa. An yage hotunansa a bangon makaranta. Duk da haka kowa yana da waƙar a wayarsa, wai don ya ji irin ɓarnar da aka yi.

Shi yana can nesa, zagi ba ya isa gare shi sai a rubuce. Ajara ce a kusa.

Hajiya Safiyatu ita ce magajiyar babbar ƙungiyar mata ta unguwar, wadda in ta ce ga yayi, wato ankon da za a ɗinka na biki, shi za a ɗinka. Ta zo gidan Ajara bayan la'asar da mata biyu a bayanta, ta ƙi tabarma, ta ƙi ruwa. Ajara, wadda ba a taɓa rufe mata baki ba, ta hau bayani tun daga Italiya har zuwa cikar waya. Hajiya ta bari ta gama tsaf.

"Ni na roƙe ki a naɗa, ban musa ba," in ji ta. "Amma ni ban ce ki ajiye ba. Kuma sunanki na gani a jiki, Ajara, ba na ɓarawo ba. Yanzu abu ɗaya nake so ki gaya min. Me da me ya rage a wayar nan?"

Ajara ta rantse da Allah babu komai, ta miƙa wayar a duba. Ba wadda ta karɓa. Ɗaya daga cikin matan ta ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Suka juya suka fita, kuma tambayar Hajiya ta riga su isa gida. Kafin mako ya zagayo duk matar da ta taɓa zama a kan turmin Ajara tana tuna abin da aka gani a jikinta ranar. Wadda ke da tabo ta tuna, wadda ɗanta na fari ya zo da wuri ta fi kowa tunawa. Waɗannan su suka fi zafi. Sukan wuce rumfarta su tsallaka layi su sayi lalle a wurin wata, in ta gaishe su su amsa da hanci. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta san dalilin tsoron kowace ɗaya, kuma ba ta da halin kare kanta sai ta ambaci abin da ta rufe musu.

Sadick ya zo Kumasi don wasan ƙaddamar da albam, wanda aka shirya yi a filin makaranta aka fasa, aka mayar da shi wani otal a can cikin gari saboda matasan unguwa sun ce in ya isa ya kafa sifika. Ya shigo gida da rana tsaka da baƙin tabarau da ƙaton buhun shinkafa. Ajara ba ta dubi buhun ba. Ta ce ya cire waƙar. Ya ce ba a hannunsa take ba, kamfani ne, kuma ko an cire ta riga ta shiga wayar duniya. Ta ce to ya cire sunanta. A nan ya cire tabarau, kuma abin haushin shi ne da gaske ransa ya ɓaci.

"Mma, don kai na yi paa," ya ce da Hausarsa ta 'yan zamani. "Wasu suna sata su ɓoye, ni na sa sunanka. Duk Gana na jin ka yanzu. Da ka mutu da wannan waƙa fa, wa zai sani?"

"Waɗanda aka yi wa ita sun sani," in ji Ajara. "Ba a yi ta don Gana ba."

Ya ce zai je ya ba Rashidatu haƙuri. Ta ce in yana son ƙafafunsa kada ya doshi ƙofar Alhaji Mahama. Ya ce zai yi bidiyo ya bayyana wa duniya cewa ba da saninta ya ɗauka ba. Ya kuwa yi, yana zaune a cikin mota, ya ce sori ga duk wanda abin ya taɓa, ya ƙara da cewa albam yana nan a ko'ina ga mai son saurare. Mata suka ce ga shi nan, sun haɗa baki, uwa da ɗa. Ajara ta sa aka mayar masa da shinkafarsa otal. Da aka tambaye ta ko ta yafe masa sai ta ce ita ta goya shi, bayanta ne ya san nauyinsa, a ƙyale ta.

Lokacin bukukuwa ya zo bayan babbar salla. Kowace Lahadi ana rufe titi da rumfuna, ana kiɗa, mata suna wucewa cikin yayi iri ɗaya, Ajara tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jin guɗa daga nesa. Ba wanda ya aiko mata da goron gayyata. Wata matashiya daga Dichemso, wadda ba ta iya ko kwaɓa lalle ba tare da ya yi gudaji ba, ita ta zama alwankar kowa. Ajara takan ce ko a jikinta, ta huta da ciwon baya. Amma duk Asabar sai ta wanke ƙwaryarta ta kife, ko da ba ta taɓa komai ba.

Damina ta kusa wucewa sannan maƙwabciyarta Rakiatu ta shigo, tana magana tana duban ƙofa. Za a aurar da 'yarta Mubarika. Kakar yarinyar, wadda ciwo ya kwantar, ta kafe cewa hannun da ya wanke Rakiatu shi zai wanke jikarta, in ba haka ba ba da yawunta ba. Dangin sun yarda don kada tsohuwa ta tafi da fushi, amma da sharaɗi. Ajara za ta bar waya a gida. Za a duba jikinta a ƙofa. Kuma ba za ta yi waƙa ba, ko baiti ɗaya, don ba sa son sunan 'yarsu a bakinta.

Ajarar da aka sani da ta kora Rakiatu da tsintsiya. Wannan kuwa ranar kawai ta tambaya.

Ta je kafin lokaci, abin da ba ta taɓa yi ba. A ƙofar ɗaki wata gwaggon amarya, wadda Ajara ta wanke da hannunta a shekarun baya, ta sa ta kwance ɗankwali, ta lalube ta daga hammata har ƙugu, ta zazzage ƙullin lalle ta duba. Ajara ta tsaya hannu a sama tana kallon bango. Aka ja ƙofa. Tsofaffi suka zauna a gefe suka zuba mata ido.

Ba ta taɓa sanin ɗakin wanka yana da shiru haka ba. Sai ƙarar soso da ɗigar ruwa a daro. Hannunta ya san aikinsa, yana tafiya daga wuya zuwa kafaɗa, amma a kan waƙar ya saba tafiya, sai ta riƙa jin baitin yana taso mata har maƙogwaro tana haɗiyewa. Mubarika kuwa, yarinya mai fara'a da ta gama makarantar koyon jinya, tana zaune a kan turmi tana ƙifta ido. Ta matsa fuska ta gwada kuka, bai zo ba. Tsofaffin suka fara duban juna. Ɗaya ta ce a tuna mata da kakarta da ke kwance, aka tuna mata, ta sunkuyar da kai, ba ko ɗigo.

Da Ajara ta duƙo don ta cuɗa mata bayan kunne, yarinyar ta matso da baki kusa da nata kunnen. Ba da mugunta ta yi ba, taimako take nema, kuma ita kaɗai ce a gidan ta yi wa Ajara magana da murmushi tun safe.

"Mma, ɗan yi min waƙar Sifana mana," ta raɗa. "A hankali, ba za su ji ba. Wallahi duk na ji ta sai na yi kuka."

Ajara ta tsaya da soso a hannu. Ta dubi yarinyar, ta ga har zuciyarta haka ta san sunan waƙar, kuma haka 'ya'yanta za su san shi.

"Ban iya ta ba," ta ce.

Ta ɗebi ruwa a ƙwarya ta zuba mata a ka, ta sake ɗiba ta zuba, har lallen ya fita tas. Aka naɗe Mubarika a sabon zane, aka fito da ita gaban mata idonta a bushe.